Na'urar wanke hoto a gida: Lissafin da ya kamata mai albashi ya yi kafin ya saya

A gidaje da yawa, hoton ɗaurin auren iyaye, ko na ranar da kaka ya sauka daga aikin Hajji, yana nan a cikin kundi ko rataye a bango, shekara 40 bayan ɗaukarsa. Amma hoton sunan yaron da aka haifa shekara biyar da suka wuce, sau da yawa ya bi wayar da aka sace a motar haya, ko wadda ta faɗa ruwa, ko ya maƙale a wani asusun intanet da aka manta lambar sirrinsa. Ko ajiyar intanet ɗin ma tana da iyaka, domin tun ranar 1 ga Yunin 2021 manhajar Google Photos ta daina ba da wurin ajiya kyauta marar iyaka, ta mayar da kowa cikin gigabait 15 da yake rabawa da wasiƙunsa na Gmail.

Wannan ne ya sa wasu iyalai suka koma wanke hoto a takarda, wasu kuma suka fara tunanin mallakar na'urar da za ta yi musu aikin a gida. Akwai kuma dalilin sirri. Ba kowane magidanci ne ke son hotunan iyalinsa na kamu ko walima su kwana a kwamfutar wani shago ba, haka nan hadimin da ke riƙe da hotunan ganawar maigidansa ba zai so su zagaya hannuwa ba.

Sai dai firintar hoto kamar doki take: sayenta ba shi ne wuya ba, ciyar da ita ne. Kuɗin da aka rubuta a jikin kwali shi ne ƙaramin kashi na abin da za a kashe a tsawon rayuwarta. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: hoto nawa za a riƙa wankewa, kuma sau nawa a wata? Amsar wannan tambaya ce ke nuna na'urar da ta dace, har ma da ko ya kamata a saya gaba ɗaya.

Firintar ofis ba ta wannan aikin ba ce

Yawancin ma'aikata sun saba da firintar leza, wadda ke fitar da wasiƙu da takardun taro a Sakatariyar Tarayya da sauran ma'aikatu. Tana aiki ne da garin tona, wanda take narkarwa da zafi ta manna shi a fuskar takarda. A wajen rubutu ba ta da na biyu, amma a hoto ko da mai launi ce ba ta iya fitar da laushin launin fata da na inuwa yadda ido ke so. Bugu da ƙari, sanya mata takardar hoto mai sheƙi irin ta firintar tawada na iya narkar da rufin takardar, ya lalata sashen da ke dumama ta. Tana kuma jan wuta mai yawa, ɗaruruwan wat a lokacin aiki, abin da ƙaramar inbata ba ta cika jurewa ba.

Saboda haka zaɓin mai son hoto yana tsakanin iri uku ne: mai amfani da zirin launi da zafi, mai fesa tawada, da kuma ƙananan na aljihu.

Ga mai wanke hoto jefi-jefi

Iri na farko ba ya amfani da tawada mai ruwa ko kaɗan. A cikinsa akwai zirin leda mai ɗauke da launuka uku, wanda zafi ke sa launin ya shige cikin takarda. Takardar tana shiga ta fita sau huɗu: ta ɗauki ruwan ɗorawa, sannan ja mai ruwan hoda, sannan shuɗi, daga ƙarshe kuma a shafe ta da wani siririn rufi mai kare ta daga yatsa da ɗigon ruwa. Hoton yana fitowa a bushe, cikin ƙasa da minti ɗaya.

Sananniya a wannan rukuni ita ce Canon Selphy, musamman samfurin CP1300 da wanda ya gaje shi a 2022, wato CP1500. Girman hoton da take fitarwa bai wuce milimita 100 da 148 ba, kusan inci 4 da 6 ke nan, girman da aka saba gani a kundi. Takarda da zirin launi a haɗe ake sayar da su. Kwalin da ake kira KP-108IN, alal misali, yana ɗauke da takarda 108 da ziri uku, kowanne na hoto 36. Wannan ya sa lissafinta ba shi da ɓoye-ɓoye: a raba kuɗin kwalin gida 108, an san kuɗin hoto ɗaya, ko hoton dare ne ko na rana.

Babbar falalarta ita ce haƙuri. Tunda babu ruwan da zai bushe a cikinta, za a iya rufe ta tun daga ƙaramar Sallah har zuwa babba, a buɗe ta ta ci gaba da aiki. Tana kuma da tsarin jera hotunan fasfo da yawa a takarda ɗaya, abin da zai amfani gidan da kullum ake neman hoton fasfo na makarantar yara, banki ko fayil ɗin ma'aikata. Ana iya saya mata batir daban ga mai yawan tafiya.

Rauninta uku ne. Ba ta wuce wancan girman, kuɗin hoto ɗaya ya fi na firintar tanki tsada, kuma ƙwayar ƙura ɗaya idan ta hau takarda sai ta bar tabo a hoton. Akwai kuma abin da ya kamata hadimai su sani: zirin da aka gama amfani da shi yana riƙe da inuwar duk hoton da aka buga. Wanda ya wanke hoton da ba na kowa da kowa ba, ya yayyaga zirin kafin ya jefa shi a shara.

Ga mai wanke hoto kowane mako

Iri na biyu shi ne mai fesa tawada ta wasu ƙananan kafofi da suka fi gashi sirantaka. Shi ma kashi biyu ne: mai katirij da mai tanki.

Mai katirij ita ce ke jan hankalin mai saye da araha, ita ce kuma ke tabbatar da karin maganar nan ta araha ba ta ado. Ana sayar da na'urar da sauƙi ne domin a mayar da riba a tawada. Katirij ɗin ƙananan firintoci ba ya ɗaukar tawada sai 'yan mililita kaɗan, hoto kuwa yana shan tawada daga gefe zuwa gefe. A wasu samfurori launuka uku suna cikin katirij ɗaya, ta yadda idan ɗaya ya ƙare dole a jefar da sauran biyun. Ba a jima ba sai kuɗin tawada ya zarce kuɗin na'urar.

Mai tanki kuwa daga kwalba ake ɗura mata tawada. Kamfanin Epson ne ya fara fitar da irinta a Indonesiya a 2010, bayan ya ga yadda jama'a ke haɗa wa firintocinsa tankunan waje don gudun tsadar katirij. Kuɗin sayenta ya fi yawa, amma kwalba ɗaya, wadda galibi ke ɗaukar kusan mililita 70, tana daɗewa.

A nan ma sai an lura da yawan launuka. Firintar tanki ta yau da kullum, irin su Epson L3250, launi huɗu gare ta, kuma ta wadatar ga takardun makaranta da hoto na lokaci-lokaci. Wadda aka ƙera domin hoto launi shida gare ta. Epson L805 da magajiyarta L8050 sun ƙara shuɗi mai haske da ruwan hoda mai haske, waɗanda ke sa sararin sama da fatar fuska su fito sumul ba tare da ɗige-ɗige ba. Canon PIXMA G540 da G640 kuwa ja da ruwan toka suka ƙara, abin da ke taimaka wa jan launi na kayan biki da kuma hoton baƙi da fari. Duk waɗannan suna bugawa har girman A4. Mai son hoton bango na girman A3 sai ya dubi irin su L18050.

Sai dai firintar tawada ba ta son zama. Idan ta yi makonni ba a kunna ta ba, tawada na bushewa a bakin kafofin feshi, hoto ya riƙa fitowa da layi-layi. Maganinsa shi ne a sa ta wanke kanta, wankin kuma tawada yake ci, yana zuba ta a cikin wani soso ko akwati da ke ƙasan na'urar. Ranar da wannan akwati ya cika, firintar za ta tsaya cik. A sababbin samfurori irin L8050 da G640 mai na'ura na iya sayen akwatin ya canza da kansa, a tsofaffi kuwa sai an kai wa mai gyara. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa mai shago tun kafin a biya kuɗi.

Ma'aikacin da ake yawan turawa aiki jihohi, ko wanda iyalinsa ke Kaduna ko Keffi shi kuma yana zuwa gida sau ɗaya a wata, ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi wannan iri.

Tawadar rini da tawadar gari

Tawadar hoto iri biyu ce. Ta farko rini ce narkakkiya a ruwa, mai shiga cikin rufin takarda. Launinta yana da armashi a takarda mai sheƙi, kuma ita ce ke cikin firintocin tanki masu launi shida da aka ambata. Rauninta shi ne hasken rana da iska suna kodar da ita idan aka bar hoton a fili. Ta biyu ƙwayoyin launi ne ƙanana da ke zama a saman takarda. Ta fi jure haske da danshi, ita ce kuma masu sana'ar hoto da gidajen adana kayan tarihi suka fi amincewa da ita.

Na'urorin da ke amfani da ta biyun, kamar Canon imagePROGRAF PRO-300 da Epson SureColor P700, kowacce tana ɗaukar katirij goma, suna kuma buga takarda mai faɗin inci 13. Kayan ƙwararru ne, kuma kuɗin cike su da tawada sau ɗaya kaɗai ya isa ya girgiza albashi. Sun dace da mai ɗaukar hoton da ke sayar da aikinsa. Ga mai son hotuna uku ko huɗu na falo a shekara, ya fi masa sauƙi ya kai wa masu babban inji.

Kamfanoni kan ce hotunansu za su kai shekaru masu yawa, har Canon na cewa na Selphy zai iya kai shekara 100 idan aka adana shi a kundi. Irin waɗannan alƙaluma daga gwajin ɗakin bincike suke fitowa, inda aka daidaita zafi da haske da danshi, kuma da tawada da takardar kamfanin aka yi su. Falon da rana ke dukan bangonsa a watan Maris wani abu ne daban.

Na aljihu

Akwai ƙananan na'urori irin HP Sprocket da Canon Zoemini, masu amfani da takardar Zink, wadda launin ke cikinta, zafi ne kawai ke fito da shi. Hoton inci 2 da 3 ne, bayansa da gam. Akwai kuma Fujifilm Instax Link mai amfani da fim. Suna da daɗi a wurin walima ko ga yara, amma kuɗin kowane ɗan hoto yana da yawa idan aka dubi girmansa, kuma ba su ne abin dogaro wajen adana tarihin iyali ba.

Ƙurar hunturu, danshin damina da wutar lantarki

Abin da takardar bayanin kamfani ba ta faɗa shi ne yanayin Abuja. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na shigo da ƙura mai laushi, ga bushewar da ke saurin daskarar da tawada. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma danshi na sa takardar hoto ta lanƙwashe ko ta manne da 'yar uwarta. Rigakafin ba shi da tsada: a rufe na'ura da mayafi, a ajiye takarda a cikin ledarta a kwance, a kuma buga shafin gwajin kafofi sau ɗaya a mako ga mai firintar tawada.

Ta fuskar wuta, firintar tawada ba ta da ci, domin galibi ba ta kai wat 30 ba a lokacin aiki, don haka ƙaramar inbata ko sola na iya ɗaukarta. Haɗarin yana wajen ɗaukewar wuta. Idan aka kashe ta da maɓallinta, kan feshin yana komawa mazauninsa a rufe shi. Idan kuwa wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, ko aka zare ta daga soket, kan na iya tsayawa a buɗe ya bushe. Shi ya sa haɗa ta da ƙaramin batirin riƙon wuta irin na kwamfuta yake da amfani.

Masu zuwa taro ko kwas a ƙasashen waje su ma su yi hattara da tsaraba. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya kuwa 230, kuma ba kowace firinta ce ke karɓar duka biyun ba. Sannan kamfanoni kan raba duniya shiyya-shiyya, ta yadda katirij ko kwalbar da ake sayarwa a nan ba lallai ta dace da na'urar da aka sayo a wata nahiya ba, garantin ma bai cika tsallako iyaka ba.

Laifin ba kullum na firinta ba ne

Da yawa daga hotunan da ke fitowa dishi-dishi tun daga waya suka lalace. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Hoton inci 4 da 6 yana buƙatar fiksel 1,200 da 1,800, wato kusan megafiksel 2. Na A4 yana buƙatar kusan megafiksel 9. Kyamarar kusan kowace wayar zamani ta wuce haka. Matsalar ita ce WhatsApp da Facebook suna matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma hoton da ya bi ta zaure uku kafin ya iso ba ya da sauran ƙarfin da zai cika firam. A nemi na asali daga wanda ya ɗauka, ya turo shi a matsayin fayil.

Haka kuma fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, shi ya sa hoto kan fi duhu a takarda. Ƙara masa ɗan haske kafin bugawa yana gyara wannan, musamman a fuskar mai duhun fata da aka ɗauka a inuwa. Siffar hoton waya ma ta bambanta da ta takarda: yawancin wayoyi suna ɗauka a ma'aunin 4 da 3, takardar inci 4 da 6 kuwa 3 da 2 ce. Idan ba a daidaita da hannu ba, na'ura za ta yanke da kanta, wataƙila ta tafi da saman hula ko ɗaurin ɗankwali.

Takarda ita ma rabin aiki ce. Mai nauyin giram 200 zuwa 260 ita ce ke ba da jin hoton situdiyo a hannu. Mai sheƙi sosai ta fi fito da launi amma tana kama yatsa, mai matsakaicin sheƙi kuma ta fi dacewa da firam mai gilashi. Dole ne kuma a gaya wa firintar irin takardar da aka sa mata, domin da haka take auna yawan tawadar da za ta fesa. Ga hoton biza, a duba sharaɗin ƙasar: Amurka na neman inci 2 da 2, ƙasashen Turai masu bizar Shengen kuwa milimita 35 da 45.

Kafin a miƙa kuɗi

Tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kayan da ake shigowa da su ba ya zama wuri ɗaya, don haka lissafin da aka yi bara ba zai yi aiki bana ba. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar lissafin. A haɗa kuɗin na'ura da na tawada da takardar da za a sha a shekara biyu, a raba da yawan hotunan da ake sa ran wankewa, sannan a kwatanta abin da ya fito da kuɗin da situdiyon unguwa ke karɓa a hoto ɗaya. A yi lissafin da hotunan da aka saba wankewa a zahiri, ba waɗanda ake burin wankewa ba. A kuma bar gurbin waɗanda za su lalace a gwaji.

Daga nan sai a fara cigiya daga tawada, kafin na'ura. Mai niyyar saye ya zagaya shaguna a Banex Plaza da ke Wuse 2 ko kasuwar Wuse, ya tambayi kwalba ko takardar samfurin da yake so. Idan shago ɗaya ne kawai ke da ita, ko sai an yi odarta daga Ikeja, to ranar da ta yanke na'urar ta zama kayan ado. Ya nemi rasit da takardar garanti, ya duba hatimin kwalba, domin jabun tawada na toshe kan feshi, kuma kan feshi shi ne mafi tsada a jikin firinta. Wanda zai sayi ta hannu kada ya yi cinikin biri a sama: a buga shafin gwajin kafofi a gabansa, a kuma buga hoto ɗaya daga wayarsa, mai ɗauke da fuskar wanda ya sani.

A taƙaice, gidan da ke wanke hotuna lokacin Sallah, suna da bikin kammala karatu, ƙaramar na'ura mai zirin launi ta ishe shi. Gidan da ake bugawa kowane mako, ko ake son mayar da abin ƙaramar sana'a bayan tashi daga aiki, firintar tanki mai launi shida ce tasa. Wanda kuwa hotunansa na shekara ba su wuce ashirin ko talatin ba, kuma ba shi da damuwar sirri, babu aibi ya bar kuɗinsa a aljihu ya ci gaba da zuwa situdiyo.

Kowace hanya aka bi, abin da ya fi muhimmanci shi ne hoton ya fito daga waya ya hau takarda, a rubuta suna da kwanan wata a bayansa, a sa shi a kundi nesa da rana da danshi, a kuma ajiye kwafin asalinsa a wuri na biyu.